Rasidi Daidai, Bashi Ba Daidai Ba: Binciken Wata Manhaja a Kantin Kwari Daga Nesa

Shagon na wani ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda a sari a Kantin Kwari. Masu ɗaukar kaya a wurinsa suna zuwa daga Katsina da Maraɗi da Damagaram, har da Chadi, kuma yawancin cinikin bashi ne: a ɗauki dila, a ba da wani abu, ragowar sai an sayar. Kasuwanci irin wannan littafin bashi ne ke riƙe da shi. A shekarar 2022 aka mayar masa da littafin cikin wata manhaja da ake buɗewa a burauza, wadda aka rubuta da PHP. Da yake kwamfutar ofishin shagon Windows ce, manhajar kuma an gina ta ne don Linux, sai wanda ya yi aikin ya sa VirtualBox, ya ƙirƙiri wata kwamfutar a cikinta mai ɗauke da Ubuntu 22.04, wato wani nau'in Linux, da nginx mai miƙa shafuka ga burauza, da PHP 8.1, harshen da aka rubuta manhajar da shi, da MySQL mai ajiye bayanai. Masu sana'ar suna kiran kwamfutar ainihi mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa, haka ni ma zan riƙa kiran su.

Ƙorafin da ya iso gare mu shi ne: wasu abokan ciniki suna zuwa da rasidinsu a hannu, ga adadin da suka biya a rubuce, amma manhaja tana nuna bashinsu kusan yadda yake kafin biyan. Ba kowa ba ne, ba kuma kullum ba. Kuɗin yana shiga asusun banki, sai dai ba wanda ya zauna ya daidaita takardar banki da littafi layi-layi, don haka abin da Alhaji mai shagon ya gani kawai shi ne rasidi da littafi sun saɓa, kuma mutum ɗaya ne ke taɓa su biyun, wato yaron da ke karɓar kuɗi. An riga an ɗaga shi daga kan teburin an mayar da shi ɗaukar kaya a sito kafin ma a kira mu.

"Injiniya, ni ba na son in zalunci yaron nan," in ji Alhaji, "mahaifinsa ne ya damƙa min shi amana. Amma kwamfuta ba ta ƙarya."

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba ta ƙarya, amma tana yin abin da aka rubuta mata ko da ba daidai ba ne. Ku ba mu dama mu ga abin da aka rubuta."

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a nan mutuncin matashi ne ke rataye a kan wasu layukan kod da babu wanda ya taɓa kallon su suna aiki.

Matakin farko: kwafi a kan teburinmu

Ba mu fara da taɓa injin shagon ba. An fitar da kwafin baƙuwar gaba ɗaya a fayil guda da ake kira OVA, aka kawo shi ofishinmu, aka ɗora a kan laftof. Manufar ita ce mu sa birki a layin da ke rage bashi, mu tsayar da manhajar tana cikin tafiya, mu ga abin da ke cikin kowane ma'aji, wato inda kod ke riƙe lamba ko rubutu yana cikin aiki, a wannan daƙiƙa. Kayan aikin da aka saba amfani da shi a PHP shi ne Xdebug, wanda Derick Rethans ya ƙirƙira, sai editan VS Code, manhajar da muke rubuta kod da karanta shi a ciki, a ɓangarenmu.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata yini guda, saboda abu ɗaya da ba a cika bayyana shi da kyau ba: wa ke kiran wa. Hankali yana ba mutum cewa edita ne zai shiga cikin baƙuwa ya kama manhajar. Akasin haka ne. Edita yana zaune ne yana saurare a ƙofa mai lamba 9003 (ƙofa, ko port, ita ce mashigar da manhaja ke karɓar haɗi ta cikinta), PHP ne daga cikin baƙuwa ke fitowa ya neme shi a duk lokacin da buƙata ta shigo. Kamar mutumin da ya ce maka kar ka kira shi, shi zai kira ka: aikinka shi ne ka ba shi lamba daidai, ka bar wayarka a kunne. Wanda ya saba da Node.js zai fi ruɗewa, domin a can manhajar ce ke saurare a ƙofa ta 9229, edita ya je ya same ta. Duk wanda bai tantance wannan alkibla ba zai yi ta buɗe ƙofofin shiga baƙuwa a saitin VirtualBox, alhali hanyar fita ce ke da matsala.

A cikin baƙuwar mun tarar an taɓa sa Xdebug, amma saitin da aka rubuta masa na tsohon zubi ne: xdebug.remote_enable da xdebug.remote_host da ƙofa ta 9000. Wannan saitin Xdebug 2 ne. Tun da Xdebug 3 ya fito a watan Nuwamba na 2020 aka sauya sunayen, aka kuma mayar da ƙofar zuwa 9003 saboda 9000 tana karo da PHP-FPM, ɓangaren PHP da nginx ke miƙa wa aiki. Ubuntu 22.04 kuwa Xdebug 3 yake bayarwa, don haka waɗancan layuka ba sa aikin komai sai jawo gargaɗi. Muka share su muka rubuta:

xdebug.mode=debug
xdebug.client_host=10.0.2.2
xdebug.client_port=9003
xdebug.start_with_request=trigger
xdebug.log=/var/log/xdebug.log

Adireshin 10.0.2.2 yana buƙatar bayani. Idan aka bar client_host a kan localhost, wanda shi ne asalin saitinsa, PHP zai nemi edita ne a cikin baƙuwar kanta, domin a wurin baƙuwa localhost na nufin ita kanta, ba laftof ɗin da take zaune a ciki ba. A tsarin NAT na VirtualBox, inda baƙuwa ke fita waje ta bayan mai masauki, tana samun 10.0.2.15, mai masauki kuma ana isa gare shi ta 10.0.2.2. Akwai ƙari: daga VirtualBox 7, wanda ya fito a Oktoban 2022, sabbin injuna ba sa isa ga localhost ɗin mai masauki ta wannan adireshi sai an buɗe musu da VBoxManage modifyvm da zaɓin --nat-localhostreachable1 on. Umarni ɗaya daga cikin baƙuwa, nc -zv 10.0.2.2 9003, ya isa ya gaya maka ko hanyar a buɗe take, kuma ya fi awa guda na zato.

Sauran tarkunan biyu ƙanana ne. Na farko, Ubuntu yana raba saitin PHP na layin umarni da na sabar yanar gizo, ɗaya a /etc/php/8.1/cli ɗaya a /etc/php/8.1/fpm. Mutum zai buga php -v ya ga Xdebug ya yi murna, alhali wanda nginx ke magana da shi bai san an yi ba, sai an gyara nasa an sake tayar da php8.1-fpm. Shafi ɗaya mai kiran xdebug_info() zai nuna gaskiyar lamarin. Na biyu, fayil ɗin da baƙuwa ta sani a /var/www yana zaune ne a wata folda dabam a kan Windows, don haka dole a gaya wa VS Code ta hanyar pathMappings cewa wannan shi ne wancan. In ba haka ba haɗin zai yi, kundin Xdebug zai nuna an haɗu, amma birki ba zai kama ba.

Da komai ya daidaita, birki ya kama, muka shigar da biyan kuɗi iri-iri. Babba da ƙarami, mai kwabo da marar kwabo, mai waƙafi da marar waƙafi. Duk lissafin ya fita daidai. Kod ɗin da muka bi layi-layi ba shi da laifi.

Wannan sakamako ya fi komai tayar min da hankali, domin idan aka kai wa Alhaji shi a haka, ma'anarsa ɗaya ce: manhaja lafiya lau, saura yaro. Amma gwaji a kan teburin injiniya yana nuna abin da injiniya ya yi ne kawai. Ba hannunmu ne ke shigar da kuɗi a Kwari ba. Abin da ya rage shi ne mu ga manhajar tana aiki a inda take, a hannun wanda ke amfani da ita, a yadda ya saba.

Mataki na biyu: shiga injin shagon daga nesa

Me ya sa ba mu ɗauki laftof mu je mu zauna a shagon ba? Ofishin ɗaki ne ƙarami a saman shago, kuma zaman baƙi biyu a kan teburin kuɗi a tsakiyar kasuwa magana ce da za ta zagaya layin kafin la'asar. Alhaji ba ya son abokan cinikinsa su ji cewa littafinsa na da matsala, kuma yana da gaskiya. Ƙari a kan haka, mutum ba ya yin aiki yadda ya saba idan an tsaya a kansa, balle wanda ake zargi.

Matsalar ita ce intanet ɗin shagon ta ƙaramar rauta ce, wato na'urar raba intanet, mai layin waya. Irin wannan layi yawanci ba shi da adireshin IP nasa na kansa da za a iya kira daga waje, kamfanin sadarwa yana haɗa masu amfani da yawa ne a bayan adireshi ɗaya. Namu ofishin ma haka yake. Wato ɓangarori biyu, kowanne na iya fita, babu wanda za a iya shiga wurinsa. Maganin shi ne wuri na uku da dukkansu za su iya kaiwa: ƙaramar sabar haya, wato kwamfutar da ake haya a intanet, mai adireshi tsayayye. Daga cikin baƙuwar shagon aka buɗe bututun SSH, wato amintacciyar hanyar haɗa kwamfutoci biyu daga nesa, zuwa can:

ssh -N -R 2222:localhost:22 mai@saba

Wannan ya sa duk wanda ke kan sabar ya taɓa ƙofa ta 2222 zai faɗa cikin baƙuwar. Daga laftof ɗinmu kuma:

ssh -J mai@saba -p 2222 -R 9003:127.0.0.1:9003 admin@localhost

Zaɓin -J yana bi ta sabar ya wuce, -R ɗin kuma shi ne zuciyar aikin: yana buɗe ƙofa ta 9003 a cikin baƙuwar, duk abin da ya shiga ta nan ya biyo bututun ya fito a gaban editanmu. Saboda haka a wannan karon client_host ya koma 127.0.0.1, adireshin da a matakin farko ya zama kuskure. Ba saɓani ba ne. Tambayar ɗaya ce a ko'ina, wato daga inda PHP yake tsaye, ina ne mai sauraro? Akwai kuma wata riba: Xdebug yana jiran milisakan 200 ne kacal kafin ya haƙura da haɗi, abin da layin waya mai cunkoso zai iya wucewa, amma da yake ƙofar tana cikin baƙuwar kanta, amsar nan take ce.

Akwai saitin da wasu ke kunnawa don sauƙi, xdebug.discover_client_host, wanda ke sa PHP ya nemi edita a adireshin duk wanda ya buɗe shafin. Mun bar shi a kashe, kuma ina ganin bai kamata a taɓa kunna shi a injin da jama'a ke amfani da shi ba. Wanda ya riƙe zaren Xdebug yana iya sa manhaja ta aiwatar da duk kod ɗin da ya ga dama, yana iya karanta kalmar sirrin rumbun bayanai. Duk wanda ya samu shiga wayafai (Wi-Fi) ɗin shagon zai iya zama wannan mutum.

Kafin mu taɓa komai an ɗauki sinafshot na baƙuwar, wato hoton yanayinta da za a iya komawa gare shi idan an samu matsala, an kuma fitar da kwafin rumbun bayanai da mysqldump. An ƙirƙiri abokin ciniki na gwaji mai bashin naira dubu ɗari. Mun bar start_with_request a kan trigger don kada birkinmu ya tsayar da kowa a shagon sai na'urar da muka zaɓa. Mun kuma ɗaga fastcgi_read_timeout na nginx, domin asalinsa daƙiƙa 60 ne: idan ka tsaya kana nazari ka wuce haka, mai amfani zai ga kuskure na 504, ya sake dannawa, biyan ya shiga sau biyu. An sa wa bututun ServerAliveInterval don kada ya mutu shiru idan layi ya yi rauni, aka kuma tabbatar rauta tana kan inbata saboda ɗaukewar wuta.

Da yamma, bayan hada-hada ta lafa, Alhaji ya sa aka kira yaron daga sito. Na yi masa magana ta waya.

"Ƙanena, ba tuhumarka nake yi ba. Ga wani abokin ciniki na gwaji, ka ɗauka ya turo naira dubu tamanin da biyar da ɗari biyar. Ka shigar yadda ka saba, kar ka sauya komai."

"To Yallaɓai. A kwamfuta zan yi ko a waya?"

"Ana yi a waya?"

"Ai in tiransfa ce a waya nake yi, saboda alat ɗin a nan yake shigowa. Sai in kwafo kuɗin daga saƙon in manna, don kar in yi kuskuren sifili."

Babu wanda ya taɓa ambata mana wannan, domin a wurinsu ba wani abu ba ne. Baƙuwar shagon tana haɗe da wayafai kai tsaye, kuma akwai wani ƙaramin shafi da aka yi don waya, mai fayil ɗinsa dabam. Muka tura masa adireshin shafin ta WhatsApp tare da ƙarin XDEBUG_SESSION_START a ƙarshensa, wanda ke ajiye kuki, wato ɗan bayanin shaida, a burauzar wayar don duk buƙatar da ta fito daga gare ta ta kira editanmu. Muka sa birki a farkon fayil ɗin wayar. Ya manna, ya danna, editanmu ya tsaya.

Abin da ya shigo rubutu ne: "85,500.00". Layi na gaba ya ajiye wannan rubutu yadda yake a teburin rasidi, shi ya sa rasidi bai taɓa yin kuskure ba. Layin da ke biye ya mayar da rubutun zuwa lamba ta umarnin (float) na PHP kafin a cire shi daga bashi. Muka taka layin, muka duba ma'ajin: 85.

Haka PHP yake yi. Idan aka tilasta masa mayar da rubutu lamba ta wannan hanya, yana karantawa daga hagu ne har ya ci karo da abin da ba na lamba ba, ya tsaya a nan, ba tare da gargaɗi ko ɗaya ba. Waƙafi na cikin abubuwan da ke tsayar da shi. Don haka "85,500.00" ya zama 85, "1,250,000" ya zama naira ɗaya, wanda kuma aka kwafo har da NGN a gabansa ya zama sifili. Shafin kwamfuta yana da ɗan kod ɗin JavaScript da ke cire waƙafi kafin a tura, shi ya sa gwajinmu na ofis ya fita lafiya. Shafin waya ba shi da shi. Tsaftace lambar an bar wa burauza ne, saba kuma ta amince da duk abin da aka miƙo mata.

Wannan ya kuma bayyana dalilin da ya sa matsalar ta yi shekara ba ta fito fili ba. Lokacin da aka kafa manhajar yawancin biya da tsabar kuɗi ne, ana shigarwa a kwamfuta. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, shi ya tura kasuwa gaba ɗaya zuwa tiransfa, shafin waya ya zama babbar hanya. Kuma da yake masu bashin na nesa ne, sai sun dawo sari na gaba kafin a gane an saɓa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, kula ce ta jefa yaron cikin zargi. Da yana buga lambobin da hannu ba tare da waƙafi ba, da lissafi ya fita daidai. Kwafowa da yake yi don gudun kuskure ita ce ta taka tarkon.

Mun raba allonmu da Alhaji ta kiran bidiyo, muka sa aka maimaita a gabansa. Ya ga 85,500.00 a layi ɗaya, ya ga 85 a layi na gaba. Bai buƙaci sanin PHP ba. Wani zai ce da an karanta dukkan fayilolin a natse da an gano wannan ba tare da bututu da birki ba, kuma mai yiwuwa ne. Amma karatun kod zai ba mu hasashe ne mu kai wa mutumin da ya riga ya yanke cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Ganin lambar tana sauyawa a kan injinsa, da hannun yaronsa, shi ne hujjar da ta isa ta mayar da mutum kan teburinsa.

Gyara da rufe ƙofofi

Gyaran kansa bai kai binciken wahala ba. An rubuta aiki guda a ɓangaren saba wanda shafukan biyu ke bi ta cikinsa: yana cire waƙafi da fili da alamar naira da NGN, ya tabbatar abin da ya rage lamba ce tsantsa, in ba haka ba ya ƙi karɓa ya gaya wa mai shigarwa. Ana ajiye kuɗi yanzu a kwabo, cikakkiyar lamba, kuma rasidi yana buga adadin da aka cire daga bashi ne, ba rubutun da aka manna ba, don kada su biyun su sake rabuwa ba tare da an gani ba.

Tsofaffin kurakuran sun gyaru ne albarkacin wancan layi da ke ajiye rubutu yadda yake. Muka zaƙulo duk rasidin da ke ɗauke da waƙafi wanda aka shigar ta shafin waya, muka lissafa bambancin abin da aka rubuta da abin da aka cire, akawun shagon ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar banki kafin a taɓa bashin kowa. A cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa yin ƙorafi ba, har da wanda ya sake biyan abin da ya riga ya biya saboda ya yarda da littafin Alhaji fiye da ƙwaƙwalwarsa. Alhaji ne da kansa ya kira su.

Daga nan aka kwashe kayan aiki, kuma wannan ɓangare ne da ake yawan sakaci da shi. An cire kukin daga wayar da XDEBUG_SESSION_STOP, an kashe Xdebug da phpdismod aka sake tayar da PHP-FPM, an mayar da lokacin jiran nginx yadda yake, an rufe bututun biyu, an goge mabuɗin SSH da aka ƙirƙira don aikin daga baƙuwar da sabar. Kundin Xdebug ma an goge shi, domin yana ɗauke da abin da ya wuce tsakanin PHP da edita, ciki har da sunaye da lambobin wayar abokan ciniki, bayanan da dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsarewa. Kwafin OVA da ke laftof ɗinmu shi ma ya bi su. Sinafshot ɗin an bar shi har aka kammala daidaita asusu, sannan aka cire shi, saboda fayil ɗinsa yana ƙara kumbura muddin injin na aiki.

Yaron ya koma kan teburin kuɗi washegari, kuma har yanzu kwafowa yake yi daga alat. Abu ɗaya da bai kammalu ba shi ne inda littafin yake zaune: duk bashin shagon yana cikin fayil ɗin faifai guda a kwamfuta guda, a kasuwar da ta sha ganin gobara da ambaliya. Mun sa mysqldump yana gudana kowane dare yana tura kwafi zuwa sabar hayar, Alhaji kuma ya ce maganar mayar da manhajar gaba ɗaya can a bari sai bayan cinikin sallah.